Rasuwar Layinmu

A teburin mai goro a kasuwar Funtuwa, Malam Bature, wanda ya taso daga Ƙarfi, ya huce haushinsa a kan wani dattijon da bai sani ba.

"Alhaji, unguwa ce wannan? Dama da ni Ibo, hagu Bayarabe, gaba Banufe, kowa da yarensa. Jiya aka yi rasuwa a layinmu, wallahi sai yau da na ga tabarmi na sani. A Ƙarfi a binne maƙwabci ban taka ba? Sun mai da ni bare!"

"Wa ya rasu?" in ji dattijon.

"Wani tela, wai."

"Sunansa fa?"

Bature ya sosa ƙeya. Shekararsa uku a layin.

"Lasisi," dattijon ya ce. "Yayana ne, goron zaman makokinsa nake saye. A garin nan aka yanke mana cibiya, ubanmu ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ba kai ne mai baƙin ƙyauren da ba zaure ba? Sau biyu na buga jiya don in sanar da kai rasuwar. Da ka ji harshena na Bayarabe, ko buɗewa ba ka yi ba, ka ce ba ku saye."

"Ai na ɗauka..."

"Ibon da kake faɗa, a motarsa aka kai dattawa maƙabarta." Ya ƙulle goronsa. "Ci gaba da kulle ƙofa, Malam. Ranar taka, mu ɗin dai za mu ɗauke ka."