Allura Ɗaya da Ba a Yi Mini Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Binta ce daga Makera.

Bayan 'yata ta fari, jarirai uku na binne. Aka ce wabi nake yi. Na sha rubutu, na yi hayaƙi, ta ukun har Ajuji muka kira ta, duk da haka ta koma.

Satin da aka rantsar da gwamnatin farar hula, wata nas a Barnawa ta gwada jinina da na maigidana. Ta ce, "Hajiya, rukunin jininki negetif ne, na maigida fozitif, shi ya sa jininki ke yaƙar na jariran. Da an yi miki allura ɗaya bayan haihuwar fari, da an tsare sauran."

Allura ɗaya, Malam! Mata, don Allah ku gwada jininku. Ni kuma ku ba ni shawara: me zan gaya wa 'yata, da kullum take tambayata ina ƙannenta?