Ki Taho Mana da Citta

Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Don Allah ka karanta wannan a hankali, aurena ne a hannunka.

Daga Barnawa nake rubutowa. Maigidana ba ya zagi, cefane bai taɓa yankewa ba. Amma da ya dawo daga aiki sai ya kifa kai a waya. Duk abin da na faɗa, amsarsa ɗaya ce: "Ina jin ki." 'Yarmu Ladi har ta daina kai masa labarin makaranta.

Ranar Lahadi da muka dawo daga coci na tsaya a kansa na ce, "Baban Ladi, na gaji. Zan koma gidanmu Kafanchan, kuma ba zan dawo ba."

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "To, ki gaishe su. Ki taho mana da citta."

Citta, jama'a! Akwatina yana bakin ƙofa, tsallake shi yake yi. Ni kuwa wallahi ba na son tafiya. Masu sauraro, yaya zan yi?

Shirin nan kaɗai ke sa shi ajiye waya. Baban Ladi, ni ce. Yanzu kana ji na?