Ƙahonin Piñata

A tashar manyan motoci ta Toluca, mai awon kaya ya sa tef ya zagaya piñata sittin na Doña Eulalia, wato tukwanen takarda masu ƙaho bakwai-bakwai na bikin Kirsimeti.

"Señora, ajin kaya masu cin wuri za su shiga. Ya fi tsada."

"Ɗaga ɗaya ka ji. Ba nauyin komai."

"Matsalar ke nan. Motar haɗaka ce, ke kaɗai za ki cinye rabi. Mai siminti fa, a kaina zan ɗora shi?"

"Wato iska zan biya wa kuɗin mota? Shekara ashirin mijina yana tura su, ba a taɓa raina masa hankali haka ba."

"Da ƙahonin a manne?"

Ta tuna mijinta Anselmo yana zura ƙahoni cikin juna, ita tana masa faɗan ƙiwar mannawa.

"A cire ake kawowa, a can ake mannawa. Tambaye shi mana."

"Watan Yuni muka binne shi." Ta fizge ƙahon farko. "Daina kallona, ɗan nan. Miƙo wuƙa kafin motar ta cika."