Saƙon Inna Zuwa Legas

A tashar Batsari, Nazifa na jiran motar Safana ta cika, sai wata dattijuwa da ke gefenta ta ƙura wa jakar kwamfutarta ido.

"Ɗiyata, daga ina?"

"Daga Legas, Inna. Taron masu ƙirƙirar manhajar waya na je. Ban taɓa tsayawa gaban jama'a na yi jawabi ba sai wannan karon."

"Ba ki ji tsoro ba?"

"Na ji sosai da farko. Sai na daina kallon allo, na zaɓi wani dattijo mai hula irin ta marigayi Babana, na riƙa yi masa bayani shi kaɗai. Da aka fara tafi na neme shi, ashe ya fita."

Dattijuwar ta matso.

"Ɗana Sada ma aikinku yake yi a can. Dogo ne, yana ɗan in'ina. Kin gan shi?"

Nazifa ta girgiza kai. "Mutanen da yawa, Inna."

"Haka ne. Yana dai kira a waya, ba ya fashi. In kin koma kuka haɗu, ki ce masa muryar na ji ta. Ya zo in ga ko ya rame."