Jar Fitila Bayan Garambawul

A bencin shagon kayan mota, wani direban bas yana jira a miƙo masa baƙin mai mai kauri. Dattijon da ke gefensa ya kasa yin shiru.

"Malam, wannan kwaltar za ka ɗura wa mota?"

"Baba, jar fitilar mai ce ta hana ni sakat. Kwanan nan aka yi wa injin garambawul, amma da ya ɗau zafi a silo, wato mota na tsaye inji na aiki, sai ta kama ƙyaftawa."

"An yanka karanshaf?"

"An yanka."

"Metal fa, wanne aka sa?"

"Irin na da mana."

"Ka ji fa! An rage ƙarfe, an sa metal ɗin da bai cike gurbin ba, dole mai ya riƙa zurarewa. Wane ɗan koyo ne ya ɗaure maka injin?"

Direban ya sosa ƙeya. "Ɗana ne, aikinsa na farko. Metal ɗin kuwa ni na sayo, na ce ya sa kawai."

"Shi me ya ce?"

"Wai kar in ƙara tayar da motar sai ya kwance injin ya auna. Har makulli ya ɓoye mini, ja'irin!"

"Injin ya fara ƙwanƙwasa?"

"Ko kaɗan."

"To injinka na da sauran rai. Kuma wallahi ka haifi bakanike."

Direban ya danne murmushi, ya laluɓo wayarsa don kiran ɗan nasa.

"Mai shago, ajiye manka tukuna. Bari in tambayi maigidana lambar metal."