Ranar da Memunatu Ta Zaɓa da Hannunta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, Alhaji Sumaila. Limaminmu, Allah ya ƙara lafiya. Sarkin Zango da 'yan majalisarsa. Magajiya da iyayenmu mata na kasuwar Nima. Shugabannin ƙungiyar makafi ta Maamobi. 'Yan'uwan da kuka taso daga Kotobabi da Alajo, har da ku da kuke tsaye bayan rumfa saboda kujeru sun ƙare, ina gaishe ku gaba ɗaya.

Ni ne Gafaru, kakan Memunatu, wadda kuka zo taya murna. Na gode wa Allah da ya nuna mini wannan rana, na gode muku da kuka rufe shaguna kuka zo.

Maganata ta farko, laifina zan faɗa a gaban jama'a. Kun san jikata ba ta gani tun tana shekara shida, kuma kun san burinta ta zama malama. Bara kwalejin horar da malamai ta kira ta ganawa, aka ce kowa ya shiga shafin intanet ya zaɓi ranarsa. Kwamfutarta tana da manhaja mai karanta mata abin da ke kan allo. Manhajar ta karanta suna, ta karanta adireshi, amma da aka iso kalanda sai ta riƙa cewa "maɓalli, maɓalli, maɓalli", babu rana, babu wata. Ni kuma idona ba ya kama ƙananan rubutu.

Memunatu ta ce, "Tsoho, Alhamis nake so. Daga wace rana layin yake farawa?"

To, ni sai da na haura hamsin na shiga ajin yamma, kuma can malaminmu daga Litinin yake fara jero mana kwanaki. Na gyara zama na ce, "Amarya, makon boko daga Litinin yake farawa. Ƙirga huɗu ki danna." Ta ƙirga huɗu ta danna.

Ashe kalandar daga Lahadi ta fara. Laraba muka zaɓa.

Ranar Alhamis muka hau trotro, motar haya, ta sha sabon mayafi, ni na sha babbar riga. Ma'aikacin kwalejin ya duba takarda ya ce jiya aka kira sunanta sau uku, sai baɗi. Jama'a, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Haka muka juyo gida.

Maganata ta biyu, a kan 'ya'ya mata biyu ne. Memunatu ba ta zauna kuka ba. Ta je ta sami Fuseina ta Kotobabi, wadda gina shafukan intanet shi ne sana'arta. Fuseina ta rufe idonta da ɗankwali, ta gwada zaɓar rana, ta kasa. Ta ce, "Wallahi ni ma haka nake gina nawa, ban taɓa sani ba." Suka rubuta wa kwalejin sau ɗaya, shiru. Sau biyu, shiru. A na uku suka ɗauki kwamfuta suka je da ƙafarsu, suka kashe hasken allo, suka ce wa mai kula da shafin, bismilla, zaɓi ranar haihuwarka. Bawan Allah ya yi gumi, sannan ya jawo musu kujeru.

Yanzu kowane gida a kalandar nan yana faɗin sunansa: ranar mako, da kwanan wata, da shekara. Ranar da ta cika, ya ce ta cika. Wanda ba ya son yawo cikin kalanda ya rubuta kwanan da kansa. Kafin ka tura, ya sake karanta maka abin da ka zaɓa.

Bana da lokaci ya yi, na matso zan taimaka. Ta ce, "Tsoho, koma kan tabarmarka, ka ci mini shekara ɗaya, ba za ka ci ta biyu ba." Na koma. Daga nan na ji kwamfuta ta faɗi ranar, tiryan-tiryan. Ta je ranar da ta zaɓa, ta amsa tambayoyinsu, kuma ga takardar ɗaukarta a hannuna! Makafi uku ne suka shiga bana, babu wanda ya nemi aron ido.

Roƙona ga samarinmu da 'yan matanmu masu wannan sana'a: kafin ku miƙa aiki, ku rufe ido ku gwada shi. In kun kasa, aiki bai ƙare ba.

Allah ya yi wa Fuseina albarka, ya sa ta gama da iyayenta lafiya. Allah ya zaunar da Zangonmu da ƙasarmu Ghana lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci. Ke kuma Malama Memunatu, Allah ya ba ki ɗalibai masu jin magana fiye da kakanki.

Na gode.