Kwat da Silifas

A ɗakin jira na tashar jirgin ƙasa, wani dattijo ya rungume kwat cikin leda kamar jariri. Mutumin da ke gefensa ya kasa yin shiru.

"Baba, ɗaurin aure za ka?"

"Cin abinci za ni. Ɗana ne babban kuku a wani gidan abinci a birni. Ba a shiga sai da kwat."

"Ka ce kai ne ubansa mana."

"Su bi da ni ta baya, wajen tukwane? Ta gaba nake so. In zauna bakin taga, ga farin ƙyalle a tebur, ga 'yar fitila tana rawa. A kawo mini girkinsa bai san ni ne ba, in ji abin da baƙi suke ji."

Mutumin ya dubi silifas ɗin dattijon.

"Ba su yi maganar takalmi ba?"

Dattijon ya ja ƙafafunsa ƙarƙashin benci.

Mutumin ya sunkuya yana kwance igiyar takalminsa.

"Gwada wannan, Baba. Ni gida na nufa, can matata ce kaɗai mai gadin ƙofa."